Tarihin Amfani da Raga Mai Tsara Kanta Wajen Karkasa Hoto Mai Launi

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin tarihin wata dabara ta kimiyyar kwamfuta, wato amfani da ragar jijiyoyi ta kwaikwayo mai tsara kanta domin karkasa hoto mai launi zuwa yankuna, ba tare da an koya wa na'ura abin da ke cikin hoton ba. Za a duba inda tunanin ya samo asali, da masanan da suka raya shi, da nasarar da ya samu daga shekarar 1981 zuwa tsakiyar shekarun 2000, da kuma dalilan da suka sa wasu dabarun suka sha gabansa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ragar ta ƙware wajen gane launukan da suka yi kama da juna, amma kamannin launi bai isa ya nuna cewa ɗigogi biyu na abu ɗaya ba ne. Ƙoƙarin cike wannan giɓi shi ne ya ja akalar tarihin tun daga farkonsa.

2.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A idon mutum, hoto ya ƙunshi abubuwa ne: ga mutum, ga bishiya, ga sararin sama. A wajen kwamfuta kuwa, hoto tarin ɗigogi ne da aka jera layi-layi, kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku masu nuna yawan ja da kore da shuɗi da ke cikinsa. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowace lamba tana kamawa daga 0 zuwa 255. Ke nan ɗigo ɗaya yana iya ɗaukar launi guda daga cikin launuka 16,777,216. Idan aka ɗauki lambobin nan uku a matsayin tsawo da faɗi da zurfi, za a sami wani fili wanda kowane launi yake da mazauninsa a ciki. Wannan fili shi ake kira farfajiyar launi a wannan babi.

Karkasa hoto kuwa na nufin raba ɗigogin nan zuwa yankuna, ta yadda kowane yanki zai dace da abu ɗaya ko wani sashe na abu. Aiki ne da ake fara yi kafin a auna ko a ƙirga wani abu a hoto, kamar faɗin ruwa a hoton tauraron ɗan'adam, ko yawan ƙwayoyin jini a hoton da aka ɗauka ta madubin likita.

Ana koya wa na'ura wannan aiki ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce koyo a gaban malami, inda mutum yake zana iyakokin abubuwa a hotuna masu yawa, na'ura ta kwaikwayi zanensa. Ta biyu ita ce koyo ba malami, inda ake ba na'ura ɗigogin kawai, ita ce za ta gano waɗanda suka dace da juna. Ragar jijiyoyi ta kwaikwayo kuma tsarin lissafi ne da aka gina daga ƙananan sassa masu yawa da ke haɗe da juna, bisa koyi da ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa. Za a riƙa kiran kowane sashe da sunan ƙulli, kamar dai ƙullin ragar masunta.

2.2 Karkasa Hoto Kafin Zuwan Raga

A shekarar 1957 ne Russell Kirsch da abokan aikinsa na hukumar ma'aunai ta Amurka suka shigar da hoto cikin kwamfuta, hoton da ya ƙunshi ɗigo 176 a tsaye da 176 a kwance, kuma ba shi da launi. A 1966 Seymour Papert na Cibiyar Fasaha ta Masachuset ya tsara wa ɗalibai aikin hutun bazara, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne na'ura ta iya ware abu daga abin da ke bayansa. An ɗauka aikin 'yan watanni ne, sai ga shi ya ci shekaru masu yawa.

Masana sun bi hanyoyi uku. Wasu sun nemi gefen abubuwa, wato inda haske yake sauyawa farat ɗaya. Wasu sun fara daga ɗigo ɗaya suna ƙara masa maƙwabtansa masu kama da shi har yanki ya cika. Wasu kuma sun bar batun mazaunin ɗigo a hoto, suka dubi launinsa kawai, suna tara makamanta rukuni-rukuni. Wannan hanya ta uku ita ce ta shafi wannan babi.

A 1978 Ohlander da Price da Reddy na Jami'ar Carnegie Mellon sun bayyana dabarar da ke duba jadawalin yawan launuka, ta tsaga hoto a inda jadawalin ya nuna tudu mai kyau, sannan ta maimaita haka a kan kowane tsagi. A 1980 Ohta da Kanade da Sakai na Jami'ar Kiyoto ta Japan sun nuna cewa an fi samun sakamako idan aka sauya ja da kore da shuɗi zuwa wasu ma'aunai uku: matsakaicin haske, da bambancin ja da shuɗi, da kuma bambancin kore da sauran biyun. Kafin wannan, a 1976, hukumar duniya mai kula da ma'aunin haske ta fitar da farfajiyoyin launi biyu waɗanda tazarar lissafi a cikinsu ta fi kusa da bambancin da ido yake gani.

Ta ɓangaren tara makamanta, dabarar da ta fi shahara ita ce ta cibiyoyin rukuni, wadda Stuart Lloyd ya tsara a 1957, ba a kuwa buga ta ba sai 1982. Ana zaɓen cibiyoyi kaɗan, a ba kowane ɗigo cibiyar da ta fi kusa da shi, a mayar da cibiyar tsakiyar mabiyanta, a yi ta maimaitawa. Ball da Hall sun faɗaɗa ta a 1965 da sunan ISODATA, wadda take iya tsaga rukuni ko haɗa biyu. Buƙatar irin waɗannan dabaru ta ƙaru bayan harba tauraron Landsat na farko a watan Yuli na 1972, domin hotuna sun riƙa zuwa da yawan da ba mai iya zana su da hannu. Misali, ƙanƙancewar Tafkin Cadi da hotunan Landsat na shekarun 1970 da 1980 suka nuna ba ta aunuwa sai an ware ɗigogin ruwa daga na ciyayi da na busasshiyar ƙasa.

Sai dai kuma dabarar cibiyoyin rukuni tana da rauni. Dole mutum ya faɗi adadin rukunoni tun farko. Sakamakonta yana sauyawa gwargwadon inda aka fara aje cibiyoyin. Haka kuma babu wata dangantaka tsakanin rukunonin da take fitarwa, domin rukuni na uku bai san ko yana kusa da na huɗu ba.

2.3 Tushen Tunanin a Binciken Ƙwaƙwalwa

Maganin rauni na ƙarshe ya fito ne daga wani fage daban, wato binciken ƙwaƙwalwa. A shekarun 1930, likitan tiyata Wilder Penfield na birnin Montiriyal a ƙasar Kanada ya riƙa taɓa sassan ɓawon ƙwaƙwalwar masu ciwon farfaɗiya da ƙaramar wutar lantarki lokacin da yake yi masu aiki. Ya lura cewa sassan jiki da ke kusa da juna galibi suna da mazauni kusa da juna a ƙwaƙwalwa. Ya kuma lura cewa hannu da leɓe sun sami fili mai faɗi fiye da baya, duk da cewa baya ya fi su girma. Wato akwai taswira a ƙwaƙwalwa, kuma taswirar tana fifita abin da ya fi buƙatar kulawa.

A 1949 Donald Hebb ya kawo ra'ayin cewa haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya biyu yana ƙara ƙarfi idan ɗaya tana yawan taimakawa wajen motsa ɗayar. Daga 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna cewa a sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai sun ga layi mai wata karkata ta musamman, kuma masu son karkata iri ɗaya suna zaune wuri guda. Wannan aiki ya sa suka sami lambar Nobel a 1981.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, wa ya tsara wannan taswira? A 1973 Christoph von der Malsburg, wanda yake aiki a birnin Gotingen na Jamus, ya gwada a kwamfuta cewa irin wannan tsari yana iya fitowa da kansa, muddin ƙwayoyin da ke kusa suna ƙarfafa juna, na nesa suna danne juna, sannan haɗinsu yana sauyawa bisa ra'ayin Hebb. A 1976 shi da David Willshaw sun faɗaɗa wannan domin bayyana yadda ido yake shimfiɗa taswirarsa a ƙwaƙwalwa. Manufarsu fahimtar halitta ce, saboda haka lissafinsu ya yi nauyi ga wanda yake son kayan aiki na yau da kullum.

Ya kamata a lura cewa an yi waɗannan ayyuka ne a lokacin da kasuwar ragar jijiyoyi ta faɗi. Ragar da Frank Rosenblatt ya bayyana a 1958 mai koyo a gaban malami ce, kuma littafin da Minsky da Papert suka buga a 1969 ya fito da iyakokinta, abin da ya taimaka wajen sanyaya gwiwar masu ba da kuɗin bincike.

2.4 Kohonen da Taswira Mai Tsara Kanta

Teuvo Kohonen, wanda aka haifa a 1934 ya rasu a 2021, farfesa ne a Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, jami'ar da ta shiga cikin Jami'ar Aalto a 2010. Ya fara gabatar da dabararsa a 1981 a wani taron masanan ƙasashen Sikandinabiya kan nazarin hoto, sannan ya buga cikakken bayaninta a 1982. Gudummawarsa ita ce sauƙaƙawa. Maimakon ya kwaikwayi yadda ƙwayoyi suke ƙarfafa juna da danne juna, sai ya taƙaita abin zuwa ƙa'idoji biyu: a nemo ƙullin da ya fi dacewa, sannan a gyara shi tare da maƙwabtansa.

Idan aka ɗauki launi a matsayin misali, ga yadda aikin yake gudana. Ana jera ƙulli a kan allo, a ce 16 a tsaye da 16 a kwance, jimla 256. Kowane ƙulli yana da lambobinsa uku na ja da kore da shuɗi, waɗanda da farko ba su da wani tsari. Sai a ɗauko ɗigo ɗaya daga hoto, a auna tazarar launinsa da na kowane ƙulli. Wanda ya fi kusa shi ne zakara. Daga nan sai a matsar da launin zakara zuwa wajen launin ɗigon. Misali, idan ɗigo yana da 200 da 30 da 30, zakara kuma yana da 150 da 60 da 60, aka ce a matsa rabin tazara, to zakara zai koma 175 da 45 da 45. Maƙwabtan zakara a kan allo su ma ana matsar da su, sai dai kaɗan, kuma gwargwadon nisan maƙwabci gwargwadon ƙarancin matsawarsa. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to haka abin yake a nan: ƙullin da ya zauna kusa da mai ja, shi ma jan zai taɓa shi.

Ana maimaita wannan sau dubbai. Da farko unguwar maƙwabta tana da faɗi, matsawar kuma tana da yawa, domin allon ya sami tsari na gaba ɗaya. A hankali sai a riƙa ƙuntata unguwar, a rage matsawar, har kowane ƙulli ya tsaya a kan launinsa. A ƙarshe allon yakan zama kamar shimfiɗar zaren rini da aka jera bisa kamanni: jajaye a wannan kusurwa, shuɗɗa a waccan, masu tsaka-tsaki a tsakaninsu. Bugu da ƙari, launukan da suka fi yawa a hoto sukan sami ƙulli masu yawa, kamar yadda hannu ya sami fili mai faɗi a taswirar Penfield.

Kohonen bai fara gwada dabarar a kan launi ba. Aikinsa da ya fi fice shi ne na'urar da ya bayyana a 1988, wadda take mayar da maganar Finlanci da Japananci zuwa rubutu ta hanyar tsara sautuka a kan taswira. Amma bayan farfaɗowar binciken raga a tsakiyar shekarun 1980, dabarar ta bazu. Jerin ayyukan da aka tattara na tsakanin 1981 da 1997 ya ƙunshi rubuce-rubuce fiye da 3,000 da suka yi amfani da ita ko suka yi nazarinta.

2.5 Shigar Raga Fagen Launi

Ƙofar da ragar ta fara shiga sosai ita ce ta rage launuka. A ƙarshen shekarun 1980, yawancin kwamfutocin gida ba sa iya nuna fiye da launi 256 a lokaci guda, kuma tsarin ajiye hoto na GIF da kamfanin CompuServe ya fitar a 1987 shi ma iyakarsa ke nan. Don haka dole a zaɓi launuka 256 da za su wakilci miliyoyi. Dabarar da aka fi sani a lokacin ita ce ta Paul Heckbert ta 1982, wadda take tsaga farfajiyar launi akwati-akwati, kowane akwati da kusan adadin ɗigogi ɗaya.

A 1994 Anthony Dekker ya buga wata dabara da aka sani da NeuQuant. Ya jera ƙulli 256 a layi ɗaya kamar carbi, suka fara daga baƙi zuwa fari, sannan aka bar su suna lanƙwasa cikin farfajiyar launi suna bin inda ɗigogin hoto suka taru. Ba sai an nuna wa ragar duk ɗigogin ba, kashi ɗaya cikin goma ma yakan wadatar. Dabarar ta shiga cikin manhajoji da dama na haɗa hotunan GIF, kuma tana daga cikin fitattun misalan ragar Kohonen da suka fita daga ɗakin bincike suka shiga hannun jama'a.

Daga rage launuka zuwa karkasa hoto taki ɗaya ne a zahiri. Idan kowane ɗigo ya ɗauki lambar zakaransa, to hoto ya riga ya rabu. Matsalar ita ce rabuwar ta yi yawa, domin hoton da ke da mutum da bango da ƙasa bai kamata ya fita da yanki 256 ba. Idan kuma aka rage ƙullin zuwa huɗu ko biyar, amfanin maƙwabtaka ya gushe, ragar ta koma kusan daidai da dabarar cibiyoyin rukuni. Wannan ne ya haifar da tsarin hawa biyu: a fara da raga mai faɗi domin ta taƙaita launuka, sannan a tara ƙullin da kansu zuwa rukunoni kaɗan.

Masana da dama sun taimaka wajen gina hawa na biyu. A 1990 Alfred Ultsch ya kawo hanyar zana tazarar da ke tsakanin kowane ƙulli da maƙwabtansa, ta yadda iyakokin rukunoni suke fitowa kamar tuddai tsakanin kwaruruka. A 2000 Vesanto da Alhoniemi na jami'ar da Kohonen yake sun nuna cewa tara ƙullin raga ya fi sauƙin lissafi a kan tara bayanan asali kai tsaye, kuma sakamakon bai yi ƙasa sosai ba. A fagen launi kuwa, Ong da abokan aikinsa a Singafo sun buga tsari mai hawa biyu a 2002, inda raga ta farko take kama manyan launukan hoto, ta biyu kuma take haɗa su. A 2005 Dong da Xie, su ma daga Singafo, sun yi amfani da raga wajen rage launuka a ɗaya daga cikin farfajiyoyin 1976, sannan suka nemi rukunonin ƙarshe da wata dabarar lissafi mai kwaikwayon yadda ƙarfe mai zafi yake hucewa sannu a hankali.

Wasu kuma sun ga cewa allon da aka ƙayyade girmansa tun farko yana takura wa bayanai. Martinetz da Schulten a 1991 sun cire allon gaba ɗaya, suka bar maƙwabtaka ta dogara da kusancin ƙulli a cikin bayanan. Bernd Fritzke a 1995 ya kawo raga mai girma da kanta, wadda take fara da ƙulli biyu, tana ƙara sabo a inda kuskure ya fi yawa.

2.6 Matsalolin da Suka Bayyana

Duk da wannan ci gaba, matsaloli uku sun ƙi gushewa. Ta farko, wadda ta fi kowace girma, ita ce maƙwabtakar da raga take kiyayewa ta farfajiyar launi ce, alhali wadda karkasa hoto yake buƙata ta filin hoto ce. Mutumin da ya sa farar riga ya tsaya a jikin farin bango, raga za ta haɗa rigarsa da bangon. Idan kuma rabin rigar yana rana rabi yana inuwa, za ta raba riga ɗaya gida biyu. Zanen atamfa mai launi biyar zai fita a matsayin abubuwa biyar. An yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar ƙara wa kowane ɗigo lambobi biyu masu nuna mazauninsa a hoto, ko ma'aunin kaushi da santsin wurin, ko rage wa haske muhimmanci domin inuwa ta daina ruɗa raga. Kowane gyara ya taimaka, amma ya zo da sabuwar tambaya: nawa za a ba launi, nawa za a ba mazauni?

Matsala ta biyu ita ce, kalmar ba malami ba ta cika gaskiya ba. Mutum ne yake zaɓen girman allo, da saurin ƙuntata unguwa, da farfajiyar launi, da iyakar da za a daina haɗa rukunoni. Malamin bai zana hoto ba, amma hannunsa yana cikin sakamakon.

Ta uku ta shafi tushen lissafi. Cottrell da Fort sun tabbatar a 1987 cewa raga mai layi ɗaya da take karɓar lamba ɗaya tana kaiwa ga tsari. Amma a 1992 Erwin da Obermayer da Schulten sun nuna cewa, a yanayi na gaba ɗaya, babu wani ma'auni guda da za a ce dabarar Kohonen ta asali tana rage shi a kowane taki. Wannan ya sa da wuya a yi alkawarin ingancin abin da za ta fitar.

2.7 Sauyin Zamani

A daidai lokacin da ake gyaran raga, wasu dabarun da suka haɗa launi da mazauni tun daga tushe sun fito. Shi da Malik a 2000 sun ɗauki hoto a matsayin ɗigogi da aka ɗaure da zaruruwa, ana neman inda za a yanke da ƙarancin asara. Comaniciu da Meer a 2002 sun yaɗa dabarar da kowane ɗigo yake hawa zuwa inda makamantansa suka fi cunkoso, a launi da mazauni tare. Felzenszwalb da Huttenlocher a 2004 sun kawo wata mai saurin gaske. Har ila yau, a 2001 masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun fitar da tarin hotunan da mutane daban-daban suka karkasa da hannu, domin ya zama ma'aunin gwaji. Tarin ya nuna wani abu muhimmi: mutane suna karkasa hoto ne bisa abin da suka gane a cikinsa, kuma sukan bambanta wajen zurfin rarrabawa.

Babban sauyi ya zo a 2012, lokacin da raga mai hawa da yawa ta Krizhevsky da Sutskever da Hinton ta lashe gasar gane hotuna bayan an koya mata da hotuna kimanin miliyan 1.2 masu ɗauke da suna. A 2015 Long da Shelhamer da Darrell suka mayar da irin wannan raga mai karkasa hoto ɗigo-ɗigo, a shekarar kuma masanan Jami'ar Freiburg ta Jamus suka fitar da U-Net domin hotunan likitanci. Waɗannan ragogi suna koyon siffa da mahallin abu, don haka farar riga ba ta ɓace masu a jikin farin bango.

Sai dai nasarar ta dawo da malami, kuma ladan malami yana da tsada. Masu tarin hotunan titunan birane na Cityscapes, wanda aka fitar a 2016, sun bayyana cewa zana hoto ɗaya da tantance shi yakan ci fiye da awa ɗaya da rabi, kuma sun zana 5,000 a wannan mataki. Tsarin karkasa hoto da kamfanin Meta ya fitar a 2023 an gina shi ne a kan hotuna miliyan 11 da zanen yankuna fiye da biliyan ɗaya, aikin da ya fara da hannun mutane kafin na'ura ta karɓa. Wannan tsada ce ta sa neman koyo ba malami bai mutu ba. A 2021 masu bincike na Facebook da cibiyar Inria ta Faransa sun nuna cewa ragar da ta koyi hotuna ba tare da suna ba tana iya ware babban abin da ke cikin hoto da kanta.

2.8 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa raga mai tsara kanta ta taso ne daga binciken taswirar ƙwaƙwalwa, Kohonen ya mayar da ita kayan aiki a 1981 da 1982, sannan ta shiga fagen launi ta ƙofar rage launuka kafin a ɗora mata aikin karkasa hoto. An ga cewa ƙarfinta yana wajen jera launuka bisa kamanni da ƙaramin lissafi, kuma rauninta yana wajen gane cewa abu ɗaya yana iya ɗaukar launuka da yawa, launi ɗaya kuma yana iya zama a kan abubuwa da yawa. Bisa ga haka, dabarar ta fi dacewa da hotunan da launi da kansa yake ɗauke da ma'ana, kamar hoton tauraron ɗan'adam ko na jinin da aka rina domin gwaji, musamman inda babu hotunan da aka riga aka zana, kuma babu babbar kwamfuta. A hotunan rayuwar yau da kullum kuwa, ragogi masu hawa da yawa sun karɓi ragamar aikin tun daga 2015. Babi na gaba zai duba farfajiyoyin launi dalla-dalla, da yadda zaɓen kowace yake shafar sakamakon raga.